Ɗaki da Ƙirjin Yaro: Tarihin Muhalli da Ciwon Fuka a Ƙasar Kabi

GABATARWA

Masu nazarin gine-ginen Hausawa sun fi mai da hankali ga abin da ido ke gani, watau bakan gizo da tulluwa da zanko da zanen bango. Masu nazarin magungunan gargajiya su kuma sun fi karkata ga saiwa da sassaƙe da tofi. Tsakanin waɗannan fannoni biyu akwai wani fili wanda ba a cika taɓawa ba, shi ne iskar da ke cikin ɗakin kwana. Ƙaramin yaro yakan yi sa'a goma ko fiye a cikin ɗaki kowace rana. Numfashinsa ya fi na babba sauri, hanyoyin iskar huhunsa kuma ƙanana ne, saboda haka ɗan hayaƙi ko ƙurar da babba zai shaƙa bai ji kome ba suna iya hana yaro barci har asuba.

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda ɗakin Bakabe ya sāke kama daga zamanin ganuwa zuwa yau, tana kafa misali da Gulma da sauran garuruwan fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Abin da take son nunawa shi ne, tsohon ɗaki da sabo kowane da cutarsa: na dā hayaƙi ne ya yi masa yawa, na yanzu kuwa bai rabu da hayaƙin sarai ba, ga shi ya ƙara da danshi da ƙurar shimfiɗa.

SUNAN CIWON DA ABIN DA AKA FAHIMTA DA SHI

Kafin a shiga gini ya kamata a tsaya a kan kalma, domin yadda mutane suka kira ciwo shi ke nuna yadda za su tare shi. Bahaushe yana da fuka, wadda a bakin Kabawa da Sakkwatawa take fitowa huka, ga ciwon ƙirji mai sa numfashi ya yi wuya har ana jin shessheƙa. Yana da tarin fuka ga ciwon nan mai ramar da mutum wanda likitoci ke kira tibi, da tarin shiƙa na yara, da ciwon haƙarƙari wanda ya ƙunshi abin da asibiti ke kira limoniya. Ga ƙuraje masu ƙaiƙayi da kan taso wa mutum farat ɗaya in jikinsa ya ƙi wani abu, ana cewa borin jini. Kalmar asma baƙuwa ce, ta bakin asibiti ta shigo, asalinta kuwa daga harshen Girka ne.

Iyakokin da ke tsakanin waɗannan sunaye ba su da kauri. Yaron da ke shessheƙa da dare ana iya cewa fuka ce, ana iya cewa haƙarƙari ne, amma abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne sanyi. Lewis Wall, wanda ya yi nazarin magungunan Hausawa a ƙasar Malumfashi ya buga littafinsa a 1988, ya nuna irin babban matsayin da sanyi ke da shi a tunanin Bahaushe game da cuta. To, in sanyi ne ya kama yaro, maganin da hankali zai fara kawowa shi ne a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon garwashi, a turara. Ga yaron da ke da asma kuwa, waɗannan su ne abubuwan da ke ƙara matse masa ƙirji. Ashe ke nan kalma ɗaya ta yi tasiri a kan girman taga da wurin ajiye wuta a gidan Bahaushe shekaru aru-aru.

Alhali kuwa tunanin cewa iskar gida tana da hannu a wannan ciwo ba sabo ba ne a duniyar da malamanmu suka sani. Al-Razi, likitan Bagadaza na ƙarni na 10, ya yi rubutu a kan murar da kan kama wasu mutane lokacin da wardi ke fure. Musa ɗan Maimuna, wanda ya yi aikin likita a Masar zamanin Ayyubawa, ya rubuta risala guda da Larabci a kan wannan ciwo wajen 1190, ya kuma sa tsabtar iska a cikin manyan sharuɗɗan samun sauƙi.

GIDAN BAKABE A ZAMANIN GANUWA

Kabawa tsofaffin magina ne. Kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, har yanzu yana nuna ganuwar dutse da ƙasa. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, sarautar Kabi ta koma Argungu, aka shiga shekaru masu yawa na yaƙi da Gwandu da Sakkwato, in ban da 'yar lafawar da aka samu daga 1867 zuwa 1875 wadda ake kira Lafiyar Toga. A wannan zamani Gulma da Sauwa da Augi da Zazzagawa garuruwa ne masu ganuwa da ke kāre Argungu. Zaman cikin ganuwa zaman matsi ne: gida jikin gida, dabbobi a tsakar gida da dare, rumbu kusa da ɗakin kwana don kada abinci ya yi nisa da mai shi in an kawo hari.

Ɗaki iri biyu aka fi sani. Na farko shi ne zagayayyen ɗaki mai bangon ƙasa ko na kara, da jinkar ciyawa a kansa. Na biyu shi ne soro, wanda ake ginawa da tubali, a jera azarar giginya, a rufe da ƙasa, a sa indararo. Soro ya fi yawa a gidajen sarauta da na malamai da attajirai, kuma wanda ke son ganin irinsa ya duba tsohuwar fadar Argungu, wadda sarakunan Kabi suka zauna cikinta har 1942, aka mai da ita Gidan Tarihi na Kanta a 1958. Ƙasan ɗaki mata ke yi masa daɓe, su yayyafa ruwan makubar da aka samo daga kwasfar ɗorawa, su buga da madaɓi har ya yi santsi da ƙarfi. Da makubar kuma ake shafe bango don ruwan sama ya zame.

Magini yana da abokan gāba huɗu a zuciyarsa: ruwa, da sanyin hunturu, da ɓarawo, da idon baƙo. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke son babbar taga. Shi ya sa tagar soro 'yar ƙaramar kafa ce can sama kusa da rufi, zagayayyen ɗaki kuwa sau da yawa ƙofa kaɗai gare shi. Duk da haka waɗannan ɗakuna ba su toshe ƙirin ba. Jinka tana shan iska ta tsakanin ciyawa da kuma ta ratar da ke tsakaninta da bango, ƙofa kuma asabari ne ko tufaniya ke rufe ta. Bangon ƙasa yana tsotse laima in ta yi yawa, ya sake ta in iska ta bushe, kaurinsa kuma yana jinkirta shigar zafin rana har sai dare ya yi. Kayan kwana ba su da nauyi: tabarma, da buzu, da gadon kara ko na ƙasa, da zane ko gwado. Kusan duka abin da mace za ta iya ɗauka ta kakkaɓe ta shanya a rana ne. In bazara ta yi, kowa a tsakar gida yake kwana.

Cutar wannan ɗaki ita ce wuta. Da hunturu akan hura itace a tsakiyar ɗaki a kwana da shi. Da damina, in ruwa ya hana girki a waje, murhu yakan koma ciki. Hayaƙin yana da amfaninsa a idon masu gida, domin yana korar sauro, wanda ba ƙaramin abu ba ne a bakin fadama, yana kuma kāre jinka daga ƙwari. Kunkunniyar da ke laƙe a rufi shaida ce ta abin da huhu ya shaƙa. A sassa da yawa na ƙasar Hausa maijego takan kwanta a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi har kwana arba'in ko fiye. Likitocin Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin illar wannan zafi da kunun kanwa ga zuciyar uwa a shekarun 1970, amma kada a manta jariri ma a wannan ɗakin yake fara numfashinsa na duniya. A ƙara da sana'o'in fadama: bandar kifi a gidajen masunta, da turara shinkafa, da sussuka da shiƙa, duka a cikin gida ake yinsu, galibi da goyo a baya.

ZUWAN TURAWA DA DUBA-GARI

Turawan Ingila sun sauka Argungu a 1902 zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, suka ci Sakkwato a 1903. Da yaƙi ya ƙare, ganuwa ta rasa amfani, mutane suka fara bazuwa waje, gidaje suka sami fili. Wannan kaɗai ya sassauta matsin da aka daɗe a ciki.

Amma tsarin tsabtar da Turawa suka kawo lafiyar Bature ya sa a gaba. Ƙa'idar da Lugard ya tsaya a kai, wadda ta shiga dokar birane ta 1917, ita ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don kada sauron da ya ciji yaran gari ya kai ga ma'aikatan mulki. Abin da ya shiga gidan talaka shi ne duba-gari, ma'aikacin En'e wanda aka fara horar da irinsa a Makarantar Tsabta ta Kano tun shekarun 1930. Duba-gari yana leƙa randa da tulu don neman tsutsar sauro, yana duba masai da juji da kwata. Hayaƙin ɗaki ba ya cikin lissafinsa. Lokacin da ake tuna taga shi ne in sanƙarau ya ɓarke da rani, sai a yi shela a rage cunkoso a ɗaki, a kwana a waje. Da damina ta sauka annoba ta lafa, sai a koma yadda ake.

Sai a 1968 wani likita ɗan Nijeriya, G. O. Sofoluwe, ya bi jariran da aka kwantar a Legas da ciwon huhu har gidajensu, ya auna iskar wuraren da ake girki da itace, ya tarar da guba mai yawa a cikinta. Wannan yana cikin nazarce-nazarcen farko a Afirka da suka haɗa murhu da ƙirjin jariri.

KWANO DA SIMINTI DA KATIFAR SOSO

Sabon ɗaki a hankali ya zo. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, kwanon rufi ya fara samun hanya zuwa arewa maso yamma. Masana'antar siminti ta Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara aiki a 1967. Sa'an nan kuɗin mai suka zo, da ƙarin albashin Udoji a 1975, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, daga baya aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Kowane ɗaya daga waɗannan ya ƙara yawan masu albashi da 'yan kwangila, su kuwa abin da suka fara yi da kuɗinsu shi ne su cire jinka su sa kwano, su shafe bango da siminti, wanda ya fi ƙarfi ya yi ginin bulo.

Dalilansu masu ƙarfi ne. Jinka tana cin wuta, tana neman sabuntawa bayan 'yan shekaru. Soro yana son yaɓe kowace shekara kafin damina, in aka yi sakaci ya rufta wa mutane. Kwano da siminti sun ɗauke wannan wahala. Amma sun zo da nasu halin. Kwanon da ba shi da silin yakan mai da ɗaki tanderu da rana, da dare kuma tururin numfashi da na girki yakan taru a cikinsa ya ɗigo. Simintin da aka shafa a kan bangon ƙasa yana kulle laima a ciki maimakon ya bari ta fita. Bulon da aka ɗora a ƙasar fadama ba tare da shimfiɗar da ke tare ruwa a tushe ba yakan tsotso ruwa sama kamar lagwani, sai ka ga gindin bango ya yi baƙi, fenti yana ɓarewa, fumfuna ta kama bayan gado da ƙarƙashin akwati. Ƙofar ƙarfe da tagar ƙarfe sun maye gurbin asabari, kuma saboda tsoron ɓarawo da sauro a rufe suke kwana.

Kayan ɗaki su ma sun sāke. Jeren amaryar dā ƙore ne da tasoshi, daga baya kwanonin sha da na ci masu fenti. Na yanzu gado ne babba wanda ba a iya ɗagawa, da katifar soso, da kujerun kushin, da labule mai kauri, da kafet daga bango zuwa bango. Wuta kuma ba ta fita ba, kama kawai ta sāke: fitilar ƙwai da risho na kananzir, da kurfoti na gawayi, da turaren wuta, da maganin sauron nan na kunnawa wanda ake kira igiyar leko, da janareta a bakin taga. Wani awo da aka buga a 2003 ya nuna cewa ƙurar hayaƙin da igiyar leko ɗaya ke fitarwa tana kai ta taba sigari 75 zuwa 137. A ɗakin jinka wannan hayaƙi da ya sami mafita. A ɗakin bulo mai rufaffiyar taga sai dai huhun masu barci.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANI

A 1964 wasu masana biyu a Leiden ta ƙasar Holan, Voorhorst da Spieksma, suka gano cewa abin da ke tayar wa mutane da yawa asma a cikin ƙurar gida wani ɗan ƙwaro ne dangin kaska da gizo-gizo, wanda girmansa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Ɓawon fatar mutum yake ci, a katifa da matashi da kafet yake zaune, kashinsa ne kuma ke shiga hanci. Ba ya shan ruwa, daga iska yake tsotsar laima, don haka in laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 50 cikin ɗari na tsawon lokaci sai ya bushe ya mutu.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1975, David Warrell da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka buga nazarin masu asma 106 da suka gani a Zariya. Abubuwa uku a cikinsa sun shafi zancenmu. Na farko, asmar yara ba ta da yawa. Fiye da kashi biyu cikin uku na majinyatan sai bayan sun wuce shekara 19 ciwon ya fara musu. Na biyu, kusan rabinsu da damina ciwon ya fi tsananta musu, ko da yake mutane hazon hunturu suka fi zargi. Na uku, an sami ƙwaron nan a ƙurar katifu. An kuma lura cewa ɗalibai masu zurfin karatu da baƙi daga kudu sun yi yawa a cikin majinyatan. Lalle lissafin asibiti yana nuna waɗanda suka iya zuwa asibiti ne, kuma yaron ƙauyen da aka ce sanyi ne ya kama shi ba ya shiga ciki. Amma nazarin da aka yi gida-gida a wasu ƙasashen Afirka ya nuna hanya ɗaya. A Gambiya a 1975 Godfrey ya sami asma a birni, bai same ta ba a ƙauyen da ya bincika. A Afirka ta Kudu a 1979 an sami wajen kashi 3 cikin ɗari a yaran Xhosa mazauna birnin Kef, na ƙauyen Transkei kuwa ba su kai ko rabin kashi ɗaya ba. A Jimma ta Habasha a 1997 an ga irin wannan bambanci, aka kuma danganta shi da salon gida da irin katifa. A Kumasi ta Gana yawan 'yan makarantar da ƙirjinsu ke matsewa bayan gudu ya tashi daga kashi 3 a 1993 zuwa kashi 5 a 2003. A Ibadan kuwa, a shekarun 1990, wajen ɗaya cikin goma na yara masu shekara 13 da 14 sun ce sun yi shessheƙa a cikin shekarar.

Katifa ba ita kaɗai ce dalili ba. Tun 1989 Strachan a Ingila ya kawo ra'ayin cewa yaron da ya tashi cikin 'yan'uwa da yawa jikinsa ya fi koyon haƙuri da abubuwan da ba su da cutarwa. A 2016 aka gwada yaran ƙabilu biyu na manoma a Amurka masu asali kusan ɗaya: Amish, waɗanda ke zaune kusa da shanu da dawakinsu, da Hutterite masu noman injina nesa da gida. Asma a yaran Amish ta yi ƙasa da ta ɗaya ɓangaren kusan ninki huɗu. In haka ne, tsakar gidan Bakabe mai tumaki da awaki da kaji, wadda duba-gari ke harara, tana iya zama ta yi wa yara wata kariya daga wannan ciwo, ko da yake ta jawo musu wasu.

Shi kuwa hayaƙi hukuncinsa a fili yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, galibi ta hanyar limoniya. Wani babban nazari na yara fiye da 500,000 a ƙasashe 47, wanda aka buga a 2013, ya nuna cewa girki a buɗaɗɗiyar wuta yana tafiya tare da ƙaruwar alamun asma.

FADAMA DA HUNTURU

Ƙasar Kabi tana da yanayi biyu masu karo da juna, kowane da nasa nauyi a ƙirjin yaro. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20, hanci ya bushe, tari ya yawaita. Wannan bushewa ita ce kuma ke kashe ƙwaron katifa kyauta, muddin an bar ta ta kai gare shi. Daga Yuni zuwa Satumba al'amari yakan juye: gulbi ya cika, fadama ta malale, laima ta haura kashi 70, ƙwaro da fumfuna da kyankyaso su yi ta hayayyafa. Garin da ke bakin fadama kamar Gulma danshinsa ya fi daɗewa bisa na garin tudu.

Gulbin kansa an sāke masa hali. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978, da ta Goronyo a 1984, sun canza lokaci da yawan ruwan da ke sauka ƙasar Kabi. Inda aka ga ruwa ya daina kaiwa, mutane sun matsa da gini, sai ambaliya irin ta 2010 da ta 2020 ta zo ta tarar da su. Abin da ake ƙirgawa bayan ambaliya shi ne gidajen da suka rushe da gonakin shinkafar da suka nutse. Ba a ƙirga ɗakin da ya tsaya amma bangonsa ya sha ruwa, iyali suka koma ciki da jiƙaƙƙiyar katifa. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta tabbatar da alaƙa tsakanin zama a gida mai danshi da fumfuna da tsanantar asma. Bunƙasar noman shinkafa tun bayan shirin lamunin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015 ta kawo arziki, ta kuma kawo ƙarin injinan casa a cikin unguwanni, da tsibin buntu da ake cinna wa wuta ya kwana yana hayaƙi, da buhunan shinkafa da magungunan feshi da akan ajiye a ɗakin da yara ke kwana.

DARASIN DA KE CIKIN TARIHIN

Ba mai hankalin da zai ce a koma ɗakin jinka, kuma ba a bukatar haka. Abin da ake bukata shi ne a tantance abin da tsohon gida ya yi daidai a riƙe shi, a bar abin da ya yi kuskure.

Abin riƙewa na farko shi ne madafa a waje, a ƙarƙashin rumfa, a gefen da iska ke ɗauke hayaƙi daga ɗakunan kwana, kuma jariri ya sauka daga baya in za a hura wuta. Wannan ya fi muhimmanci bisa sayen sabon murhu kaɗai. A Gwatamala murhu mai bututun hayaƙi ya rage limoniya mai tsanani a yara da wajen kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda aka buga a 2011, amma a Malawi a 2017 ingantaccen murhun itace bai rage ta ba. Na biyu shi ne shanya: katifa da matashi da bargo su ga rana a kai a kai, musamman da rani, a wanke zannuwa, ɗakin yaro mai asma kuma ya zama ƙasan da ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ba kafet. Na uku shi ne abin da tsofaffin magina suka sani game da fadama: a gina a tudu, a ɗaga dandamalin ɗaki sama da tsakar gida, a ba ruwa hanyar fita, a gyara yoyo kafin damina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin bari kuwa shi ne wuta a ɗakin kwana ko wace iri ce, da tagar da ba ta buɗewa. Tsoron sauro da ya sa kakanni suka jure hayaƙi yanzu yana da wata amsa: gidan sauro, da raga a taga da ƙofa. Gwajin da aka yi a Gambiya aka buga a 2009 ya nuna cewa sa raga a gida ya rage shigar sauro da kusan rabi, ya kuma rage ƙarancin jini a yara. Taga biyu masu fuskantar juna, da raga da ƙarfen tsaro, da silin a ƙarƙashin kwano, su ne abin nema. Amma tun ran gini ran zane. Magini da mai gida ne za su yanke wannan shawara tun ana haƙa tushe.

Wajibi ne kuma a faɗi iyakar abin. Gwaje-gwaje sun nuna cewa gyara abu ɗaya tak, kamar yaƙi da ƙwaron katifa kaɗai, ba ya cika yin tasiri. Wanda ya yi tasiri shi ne irin na birane bakwai na Amurka da aka buga a 2004, inda aka bi yara 937 gida-gida aka gyara duk abin da ke tayar wa kowane yaro ciwonsa a lokaci ɗaya. Sa'an nan gyaran ɗaki ba ya maye gurbin maganin shaƙa, mai buɗe ƙirji da mai hana tasowar ciwon. Yaron da numfashi ya gagare shi asibiti ne wurinsa, ba tare da jinkiri ba.

KAMMALAWA

An ga yadda ɗakin Bakabe ya tashi daga jinka da daɓe zuwa kwano da siminti, daga tabarma zuwa katifar soso, a cikin abin da bai fi shekara ɗari ba, da yadda kalmar sanyi ta ci gaba da rufe taga a tsohon ɗaki da sabo. A nan ne masu nazarin harshe da al'ada suke da aikin da likita ba zai iya yi shi kaɗai ba. Ya kamata a tattara kalmomin ciwon ƙirji a karin harshen Kabi daga bakin ungozomomi da wanzamai da iyaye mata, a tantance abin da kowace ke nufi, domin ma'aikacin lafiya da uwar yaro su fahimci juna. Ya kamata kuma a zauna da tsofaffin magina na Gulma da Argungu a rubuta abin da suka sani game da tushe da makuba da fuskar da ɗaki ya kamata ya kalla, tun suna da rai, a sa shi cikin abin da ake koya wa masu ginin bulo na yau.